Kek a Gwangwanin Madara

Garin Wudil ba ya rasa nono. Kowace Juma'a kasuwa takan cika ta batse, shanu su taru a kara daga nesa da kusa, manyan motoci su yi lodi zuwa kudu, matan Fulani kuma su jera ƙoransu da kindirmo da man shanu. Yashi ma ba a rasa shi, gama kullum tifofi suna ɗibarsa a bakin kogi suna kai wa magina. Da waɗannan abubuwa biyu, nono da yashi, nake yin wani ɗan kek wanda Turawa suke yi da cuku mai laushi a cikin obin, kuma shekaru ke nan shi nake aika wa maƙwabta ranar Kirsimeti.

'Yata ce ta kawo mini labarinsa, lokacin tana karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan garin, wadda daga baya, a 2022, aka sa mata sunan Aliko Dangote. Ta nuna mini hotonsa a waya, ƙanana kamar bakin kofi, da narkakken sukari yana gangarowa ta gefe. Ta ce, "Mama, ai wannan sai dai mu gani a hoto." Cukun da ake yin sa da shi, wanda aka fara sarrafawa a Amurka a 1872 kuma aka fi saninsa da sunan Philadelphia, sai a manyan kantunan birnin Kano, kuɗin ɗan ƙunshi ɗaya kuwa ya isa cefanen gidana na kwana biyu. Namu cukun da ake kawowa daga Nijar busasshe ne, mai tauri, ya fi dacewa da shayi. Awarar nono da ake haɗawa da tumfafiya ita ma ba ta narkewa cikin ƙulli. Abin da ya rage shi ne kindirmo.

Idan aka juye kindirmo mai kyau a cikin farin ƙyalle mai tsabta, aka ɗaure baki, aka rataye shi tun magariba da kwano a ƙarƙashi, kafin gari ya waye ruwan ya tsane. Abin da ya rage yana da kauri, cokali yana tsayawa a ciki, yana da ɗan tsami kaɗan mai daɗi. Aikin duka ya dogara ne ga mai nonon. Da rani, sa'ad da shanu ba su da ciyawa, wasu sukan haɗa kindirmonsu da madarar gari, wasu ma su ƙara ruwa. Irin wannan in an tace shi sai a ga ƙyallen kusan wayam. Ni wurin tsohuwa guda nake saye. In na ce mata, "Inna, na rataya nake so," ta san ƙwaryar da za ta buɗe mini.

Sauran haɗin ba shi da wuya. Nakan daka biskit ɗin Cabin a turmi, in cuɗa shi da man shanu da aka soya, in danna cokali guda a gindin kowane gwangwani bayan na shafe shi da mai. Tataccen kindirmo kamar kofi uku yakan ɗauki ƙwai uku, da sukari gwangwani ɗaya, da fulawa cokali biyu, da ɗan bawon lemun tsami da aka goga. Ana juyawa a hankali da muciya. Mai bugawa da ƙarfi kamar tana burga miyar kuka za ta cika ƙullin da iska, ya kumbura a wuta, in ya huce ya faɗa ya tsage.

Obin ɗina babbar tukunya ce wadda ta tsufa da dafa shinkafar biki. Nakan wanke yashin kogi, in shanya, in zuba kamar tsawon gaɓa biyu a gindinta, in ɗora a kan kurfoti har ya ɗauki zafi, sa'an nan in jera gwangwanaye takwas a kai, in rufe, in sa garwashi kaɗan bisa murfin. Amfanin yashin shi ne yana raba zafi, ba ya barin harshen wuta ya taɓa gindin gwangwani kai tsaye. Minti ashirin zuwa ashirin da biyar ya isa. Ana saukewa ne tun tsakiyar tana ɗan motsi in an girgiza, gama zafin da ke cikin gwangwanin zai ƙarasa aikin. Wannan ne ya fi yi wa sabuwar hannu wuya, ta ga abu kamar bai nuna ba ta sauke shi.

Sukarin da ake zubawa a kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wadda ta taɓa tuƙa iloka ko alewar madara ta san halinsa. Ana zuba shi a busasshiyar tukunya a kan wuta marar ƙarfi, ba a juyawa. Masu awo sun ce yana fara narkewa ne wajen digiri 160 na ma'aunin zafi. Mu da ido muke awo. Yakan tashi daga fari ya koma launin zuma, daga nan ya doshi launin mazarƙwaila, kuma tsakanin wannan launi da baƙi mai ɗaci bai fi a waiwaya a amsa sallama ba. Nan take ake saukewa, a zuba madarar gwangwani mai ɗumi daga nesa, gama yakan yi tartsatsi, ƙunarsa kuwa ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Ba na barin yaro kusa da murhu a wannan lokaci ko da ya yi kuka. Ɗan gishiri a ƙarshe yana fito da zaƙin. Firiji ba dole ba ne a watan Disamba. Nakan jera su a faranti, in rufe da rariya, in ajiye kusa da randa, hunturun dare ya daskarar da su.

Ƙaunatattu, dalilin da ya sa nake yin su ƙanana ba ado ba ne. Babban kek in an yanka shi, wani ya sami tsakiya, wani ya sami gefen da ya ƙone, kuma mai karɓa ya san yanki aka ba shi. Na gwangwani kuwa kowane ɗaya cikakke ne, da gindinsa da samansa. Gida takwas nake aika wa, kowane gida uku, shida daga cikinsu kuwa Musulmi ne. Mu da muke zaune a wannan ƙasa mun san tambayar da takan biyo tuwon Kirsimeti, wato wa ya yanka naman. Iyayenmu sukan kira maƙwabci Musulmi ya yi musu yanka domin kowa ya ci da kwanciyar rai, har yanzu ma wasunmu suna yi. Kek ɗin nan ba shi da wannan tambaya. Nono ne, da ƙwai, da sukari, kuma Hajiya ta gidan da ke kallon namu ta taɓa zama a kan tabarmata tana riƙe mini ƙyallen tata.

Duk da haka akwai gida ɗaya da yakan dawo mini da kwanon yadda na aika shi, da godiya da ban haƙuri. Ban daina gaishe su ba, ba su daina gaishe ni ba, ranar da maigidana ya kwanta ciwo kuwa ɗansu ne ya kai mu asibiti a babur da tsakar dare. Saboda haka ban ɗauki dawowar kwano a matsayin ƙiyayya ba. Sauran gidajen kwanonsu ba ya dawowa wofi. In bai zo da dabino a ranar ba, zai zo da soyayyen nama a Babbar Salla.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, komai ya yi tsada, sukari da ƙwai suna gaba. A taron Zumuntar Mata wata 'yar'uwa ta ce ita kam ta daina aike, abin da ta samu 'ya'yanta za su ci. Ba wadda ta ga laifinta, gama mun san halin da take ciki. Amma wata dattijuwa a cikinmu ta ce, "'Yata, rage yawa, kada ki yanke hanya. Kwanon da ya daina ƙetare titi shekara biyu, a ta uku kunya za ta hana shi." Ina tare da dattijuwar. Unguwa irin tamu, inda muke kaɗan a cikin masu yawa, ba ta zaunuwa da gaisuwar baki kaɗai. Yaran da suke karɓar kwano a ƙofata su ne samarin gobe, kuma ina so su tashi da sanin cikin gidana, da wurin da randa take, da sunayen 'ya'yana. A bara na rage zuwa biyu kowane gida, na maye rabin sukarin saman da mazarƙwaila. Launin ya fi duhu, ƙamshin rake ya fito, har Hajiya ta aiko a tambaye ni ko sabon salo ne.

Gwangwanayen ne kawai ba sa dawowa duka. Yara sukan lashe su tas, su huda, su yi tayar mota da su. Don haka tun daga watan Oktoba nakan roƙi mai shayin bakin tasha ya riƙa tara mini nasa. Yakan buɗe su da wuƙa gefe ɗaya, ni kuma in ƙarasa cire murfin, in daddanne bakin da dutse don kada ya yanki hannun yaro.