Ƙaramar Kwamfuta da Famfon Ƙofar Gidanmu

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, mai yiwuwa ku yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya ɗauko zancen waya da lantarki a mujallar da aka saba karanta nazarin waƙa da nahawu. Ku yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, domin abin da ya same ni bai rasa nasaba da darasin jimlar sharaɗi da aka koya mana a aji ba.

A shekarar 2022, lokacin da jami'o'i suka yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki, na koma gida ba aikin fari ba na baƙi. Gidanmu akwai rijiyar burtsatse da tanki a kan ƙarfe. Da zarar an kawo wuta sai mahaifina ya tashi ya kunna inji, kuma sau da yawa tanki kan cika ruwa ya yi ta ambaliya a tsakar gida bai kashe ba. Ni kuwa a ganina wannan ɓarna ce da mantuwa irin ta manya. Saboda haka na ƙudura zan sa gidan ya riƙa kula da kansa.

Wani abokina mai karatun injiniya ya sayar mini da tsohuwar kwamfutarsa, Raspberry Pi 3, ƙirar 2016. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, allo ne guda ɗaya da bai wuce tafin hannu ba, amma duk kayan cikin kwamfuta suna kansa. Wata gidauniya ta birnin Kambirij a Ingila, wadda Eben Upton yake cikin waɗanda suka kafa ta, ita ta fara fitar da ita a 2012 a kan dala 35, domin yara su koyi rubuta wa kwamfuta umarni. Abin da ya bambanta ta da kwamfutar ofis shi ne tsinkayen ƙarfe 40 da ke jere a gefenta. Ta waɗansu daga cikinsu take jin abin da ke faruwa a waje, ta waɗansu kuma take ba da umarni.

To amma ƙarfin da ke fita daga tsinken bolt 3.3 ne kacal, alhali wutar gida bolt 230 ce. Don haka sai an sa ɗan tsakani, wato rile, makunnin da ƙaramar wuta ke motsawa ya buɗe wa babba hanya. Shi ma rilen bai iya ɗaukar nauyin injin ruwa, sai dai ya tayar da babban makunni da ake kira kontakta. Wannan ɓangaren ban taɓa shi da hannuna ba, mai gyaran wuta na unguwarmu na kira, kuma ina ba duk mai sha'awa shawarar ya yi haka. A cikin tanki na rataya makunnai biyu masu yawo a kan ruwa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Sa'an nan na rubuta umarni da harshen Python, wanda in aka mayar da shi Hausa bai wuce wannan ba: in ruwa ya yi ƙasa, to a kunna inji, in ya kai sama, to a kashe. Na ƙara da fitilun waje: in magariba ta yi, a kunna, in gari ya waye, a kashe.

Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A mako na biyu aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a katin ajiyarta, katin ya rikice, duk abin da na tsara ya tafi, domin ban ajiye kwafi ba. Na sake daga farko, na kuma haɗa mata batir. Bayan wannan sai ga fitilun waje a kunne da rana tsaka. Ashe wannan ƙirar ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya in ta mutu, daga intanet take tambayar lokaci, mu kuwa ba kullum muke da shi ba. In batir ya ƙare ta yi awa shida a mace, sai ta farka tana bayan duniya da awa shida. Maganin wannan ɗan allon agogo ne mai suna DS3231, mai batir kamar kwabo. Da na liƙa shi, al'amura suka daidaita. Tanki ya daina ambaliya, ni kuwa sai fankama nake yi a gida.

Kimanin mako uku bayan haka, wata safiya na fito na tarar da yaran maƙwabta su biyar zaune a ƙofar gidanmu da jarkoki, famfon waje kuwa ko ɗigo babu. Wata yarinya ta ce mini kwana da kwanaki ke nan daga 'yan garuwa suke saye, ran da babu kuɗi kuma sai su tafi can bayan masallacin Juma'a. Na koma ciki na bi bututun da ido, sai na ga abin da na yi shekaru ina wucewa ban lura ba. Famfon waje a jikin bututun da ke hawa daga rijiya zuwa tanki aka haɗa shi, saboda haka ba ya zuba sai inji na aiki. Kwamfutata kuwa galibi cikin dare take cika tanki, lokacin da aka fi kawo wuta, ta kashe tun kowa na barci.

Na sami mahaifina a zaure na ce, "Baba, me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba ka tambaya ba. Ka ce ɓarna nake yi, na bar ka da iliminka. Da can in tanki ya cika nakan leƙa waje, in da sauran mai jarka sai in ƙyale injin. Ita na'urar taka tana leƙawa?"

Kunya ta rufe ni. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kwamfutar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba a wannan karon, abin da na rubuta shi ta aikata. Jimlata ce ta zo da sharaɗi biyu, alhali ta mahaifina tana da na uku wanda bai taɓa furtawa ba, domin a wurinsa haƙƙin maƙwabci ba abin faɗa ba ne. A zance tsakanin mutane, mai sauraro yakan cike abin da mai magana ya bari, gwargwadon al'adar da suka yi tarayya a kanta. Na'ura ba ta da wannan al'ada, abin da duk ba a faɗa mata ba, a wurinta babu shi. Ina ganin wannan wuri ne da mu masu nazarin harshe muke da abin cewa, domin kafin a rubuta wa gida umarni sai an zauna da mutanen gidan an tono abin da suke yi ba tare da sun ambata ba.

Ban cire kwamfutar ba. Na ƙara sharaɗi cewa in akwai wuta bayan asuba da bayan la'asar, inji ya yi rabin awa ko da tanki a cike yake. Ruwan ambaliya kuma na ja masa bututu zuwa gindin zogale da lemon da ke bayan ɗakin Inna. Daga ƙarshe na kafa wani jan maɓalli a zaure, daidai inda Baba yake shimfiɗa buzunsa, wanda in ya danna, umarninsa ya shafe nawa gaba ɗaya. Da na je hutun da ya wuce na duba lissafin da kwamfutar ke ajiyewa, na tarar kusan kullum sai ya danna shi, wani lokaci sau biyu.

Allah Ya sa mu amfana da abin da muka sani, Ya kuma ba mu haƙurin tambayar abin da ba mu sani ba.