Hoto ba ya kai kansa kasuwa

Da yawa daga cikin yaran da suka ratsa ta hannuna a lakwal yanzu kamera suke riƙe da ita, kuma kukansu ɗaya ne: sun aika wa mujallu hotuna, shiru kake ji. Iyaye kuwa gani suke zaman kashe wando ne. A ganina idon yaran lafiya lau yake, alƙalaminsu ne ke da rauni.

Edita labari yake saye. In ka ce masa kana da hotunan Cure Salée ta Ingal, ya ga irinsu bila adadin, tunda kowane Satumba baƙi na zuwa su ɗauka. Amma ka ce za ka bi manomi ɗaya a karkarar Maraɗi tun shuka har girbi, ka nuna yadda gawon da ya bari a gona ke kaɗe ganye da damina, hatsi ya samu rana da taki. To nan ka ba shi mutum, ka ba shi farko da ƙarshe.

Wasiƙar ta zama gajera, ta amsa tambaya uku: mene ne labarin, don me yanzu, don me kai. Amsar ta ukun ita ce jarin ɗanmu, domin yana jin harshen, kuma ana buɗe masa zauren da ba a buɗe wa baƙo. Ya haɗa da hotuna kamar 10, kowanne da bayaninsa. Ya karanta mujallar tukuna, kuma ya aika da wuri: mai son ɗaukar kokowar takobi ta ƙarshen shekara, tun damina zai rubuta. Maganar kuɗi da ta mallakar hoto a yi ta a rubuce. Wanda za a ɗauka kuma a nemi yardarsa, a faɗa masa inda fuskarsa za ta fito.

Abin da ke damuna shi ne, muddin yaranmu ba su iya wannan wasiƙa ba, wasu ne za su ci gaba da zaɓa wa duniya abin da za ta gani game da Nijar, kuma sau da yawa fari da yunwa suke zaɓa. Hotunan Philippe Koudjina na Yamai a shekarun 1960 da 1970 sun nuna samari da ƴan mata cikin kwalliya da nishaɗi, don shi a cikinsu yake zaune.

Malamai, mu sa ɗalibai su riƙa taƙaita labari cikin layi biyar. Iyaye, in yaro ya nuna muku hoto, ku tambaye shi wa ya rubuta wa.