Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Darasin Qt ga Mai Gini a Kan Harsashin Wani

Kaɗan ne daga cikin manhajojin da ke cikin wayarka aka rubuta su tun daga tushe har kai. Mai rubuta manhaja yakan tarar cewa wasu sun riga sun rubuta yadda ake zana maɓalli a fuskar waya, da yadda ake jera haruffa, da yadda ake buɗe fayil ko aika saƙo ta intanet, sai ya ɗauko ya ɗora nasa aikin a kai. Idan abin da ya ɗauko ƙarami ne mai aiki ɗaya, kamar matse hoto ko lissafin kwanan wata, zan kira shi rumbu: ka buɗe, ka ɗebi abin da kake so, ka rufe. Idan kuwa babba ne, wanda shi ke tsara fasalin ginin baki ɗaya, zan kira shi harsashi, domin duk bangon da ka tayar a kansa yake zaune.

Akwai wani nau'in harsashi da ya fi kowanne jan hankalin masu ƙaramin ƙarfi, wato wanda ke ratsa na'urori daban-daban. Android da iPhone da Windows da macOS da Linux kowannensu yana da tsarinsa da kayan aikinsa. Wanda ke son manhajarsa ta zauna a wayoyin Android da na iPhone ta hanyar asali, sai ya rubuta ta da harshen Kotlin ga na farko, ya sake rubuta ta da Swift ga na biyu. Aiki biyu ke nan, sau da yawa ma'aikata biyu, albashi biyu. Harsashi irin su Qt da Flutter da React Native alkawarinsu shi ne ka rubuta sau ɗaya, su kuma su ɗauki nauyin fassara aikinka ga kowace na'ura. Ga kamfanin da ke samun kuɗinsa da naira ko sefa, alhali kwamfutar Mac da ake buƙata don haɗa manhajar iPhone da kuma dala 99 da Apple ke karɓa duk shekara da kuɗin waje ake biyan su, wannan alkawari ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Masu kawo mini aiki sukan yi tambaya iri biyu: wane harsashi ne ya fi sauri, kuma wanne ake yayi yanzu? Tambayoyi ne masu ma'ana, ina kuma amsa su. Sai dai a ganina akwai wadda ta fi su nauyi, wadda ba kasafai ake yin ta ba: me zai faru da manhajarka ranar da mai harsashin ya gaji da shi, ko ya sayar da shi, ko ya juya akalarsa wani wuri? Manhajar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ko lissafin ƙungiyar manoma ana sa ran za ta yi shekara goma tana aiki. Sha'awar manyan kamfanoni kuwa ba kullum take kai haka ba. Tarihin Qt ne ya sa wannan tambaya ta zauna mini a rai.

Wasu matasa biyu 'yan ƙasar Norwe, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su suka fara rubuta Qt a farkon shekarun 1990, da harshen C++. Sun kafa kamfani a Oslo a 1994, wanda daga baya aka san shi da Trolltech, suka kuma fitar da Qt ga jama'a a watan Mayu na 1995. Tsarin cinikinsu shi ne mai rubuta manhajar sayarwa ya sayi lasisi, mai rubuta manhajar kyauta a kan Unix kuma ya yi amfani da shi ba tare da biya ba. A watan Oktoba na 1996 wani ɗalibi a Jamus, Matthias Ettrich, ya sanar da shirin KDE, wato cikakkiyar fuskar kwamfuta ta kyauta ga masu amfani da Linux, ya kuma zaɓi Qt a matsayin harsashi.

Nan take aka fara ce-ce-ku-ce. Ana iya ganin tushen rubutun Qt, amma lasisinsa na lokacin bai ba kowa izinin gyara shi ya rarraba abin da ya gyara ba. Masu adawa suka ce: yaya ɗaruruwan 'yan sa-kai za su zuba gumi a kan filin da mai shi ke iya killacewa gobe? Wannan damuwa na daga cikin dalilan da suka sa Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan ƙasar Meksiko, suka fara shirin GNOME a 1997 a kan wani harsashi dabam.

Abin da mutanen KDE da Trolltech suka yi a 1998 shi ne abin da nake son mai karatu ya riƙe. Sun kafa wata gidauniya mai suna KDE Free Qt Foundation, suka rattaba hannu a kan yarjejeniya. Jigon yarjejeniyar shi ne: idan kamfanin ya daina fitar da Qt na kyauta har tsawon wata 12, gidauniyar na da ikon sakin Qt ƙarƙashin lasisi irin na BSD, wanda ke ba kowa damar ɗauka, ya gyara, har ya saka a cikin kayan sayarwarsa. A majalisar gidauniyar wakilai biyu na kamfani ne, biyu na KDE, idan kuma ƙuri'a ta yi kunnen doki ɓangaren KDE ne ke rinjaye. An kuma tsara ta yadda ko an sayar da kamfanin, ko ya haɗe da wani, ko ya karye, sharaɗin na nan daram.

Dubi hikimar da ke ciki. Abin da kamfanin ke sayarwa shi ne izinin amfani da Qt a cikin manhajar da ba a buɗe tushenta ba. Ranar da Qt ya koma ƙarƙashin lasisin BSD, wannan izini ya zama na kowa, hajar kamfanin ta zama ba ta da farashi. Ke nan duk wanda ya mallaki Qt, rufe ƙofa ya fi buɗe ta tsada a gare shi. Mutanen KDE ba su dogara da kirkin Nord da Chambe-Eng ba, duk da cewa zamansu da su lafiya lau ne a lokacin. Sun san sabo da kaza ba ya hana yanka, sun kuma san cewa kamfani na iya canza hannu.

Ya kuwa canza. A 2000 Trolltech ya saki sigar Unix ƙarƙashin lasisin GPL. A 2008 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya sayi Trolltech da niyyar mayar da Qt harsashin wayoyinsa, a 2009 kuma ya ƙara lasisin LGPL, wanda ya sauƙaƙa wa masu manhajar kasuwanci. A watan Fabrairu na 2011 shugaban Nokia na lokacin, Stephen Elop, ya sanar da cewa kamfanin zai rungumi Windows Phone na Microsoft. A rana ɗaya Qt ya tashi daga ɗan gaban goshi ya koma agola a gidan da ya saye shi. Kamfanin Digia ya karɓi harkar lasisin a 2011, ya sayi sauran a 2012, daga bisani aka ware The Qt Company, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2016. A duk wannan sauyin hannu yarjejeniyar ta bi Qt, an ma faɗaɗa ta fiye da sigar Unix da ta fara da ita. Ba a taɓa kai wa ga zartar da sharaɗin wata 12 ba, kuma a ganina wannan ne babbar shaidar cewa yana aiki. Yau VLC da QGIS da Wireshark da OBS Studio da Telegram ta kwamfuta duk a kan Qt suke zaune.

Amma takarda kaɗai ba ta isa ba, wannan ma a tarihin Qt aka gani. A watan Janairu na 2020 kamfanin ya sanar da cewa sigogin da ake daɗe ana yi wa gyara za su zama na masu biya ne da farko. Bai saɓa yarjejeniyar ba, ya dai yi tafiya a bakin iyakarta. Lokacin da gyare-gyaren Qt 5.15 suka koma bayan ƙofa, kuma KDE bai riga ya ƙaura zuwa Qt 6 ba, sai 'yan KDE suka fara tattara nasu facin a 2021, suna toshe ɓarakar tsaro da kurakurai da kansu, har suka fitar da Plasma 6 a watan Fabrairu na 2024. Lasisi ya ba su izini, amma abin da ya cece su shi ne suna da mutanen da suka san cikin harsashin, masu iya gyara shi.

A nan ne labarin Miguel de Icaza ya sake shigowa. Bayan GNOME ya jagoranci shirin Mono, wanda ya kawo fasahar .NET ta Microsoft zuwa Linux. A 2011, bayan an sallami ma'aikatan Mono daga kamfanin da ya gaji shirin, shi da Nat Friedman suka kafa Xamarin, harsashin da ke ba mutum damar rubuta manhajar Android da iPhone da harshen C#. Microsoft ya sayi Xamarin a 2016, ya buɗe tushensa ƙarƙashin lasisin MIT, wanda yana cikin lasisai mafi sassauci. Duk da haka, a ranar 1 ga Mayu 2024 tallafin Xamarin ya ƙare, aka nuna wa masu amfani da shi magajinsa, .NET MAUI. An ba da sanarwa da wuri, an kuma tanadi hanyar ƙaura, amma ƙaura aiki ce, mai manhaja ne kuma ke biyan kuɗinta. Haka PhoneGap: Adobe ya saye shi a 2011, aka miƙa tushensa ga gidauniyar Apache da sunan Cordova, sannan Adobe ya janye hannunsa a 2020. Cordova na nan da rai saboda yana da gidan da ba na kamfani ɗaya ba, sai dai ba da ƙarfin da ba.

Mai karatu zai iya cewa: in dai tushen a buɗe yake, me zai hana in ci gaba da amfani da tsohuwar sigar? Abin da zai hana shi ne ƙasar da harsashin ke kai ba ta tsaye wuri ɗaya. Google da Apple suna fitar da sabuwar babbar manhajar wayoyinsu kowace shekara, shagunansu kuma suna ɗaga sharaɗin sigar da dole a haɗa manhaja da ita kafin a karɓi sabuntawa. Harsashi mai ratsa na'urori kamar tafinta yake tsakanin mutane biyar, kowannensu yana sauya karin harshensa duk shekara. Idan tafintan ya daina koyo, ba a ranar za a gane ba. Wata rana ce kawai za ka so gyara ɗan ƙaramin kuskure, shagon ya ƙi karɓar manhajarka.

Saboda haka, idan wani ya zo mini da aiki, akwai abubuwa uku da nake bincikawa kafin mu yi maganar sauri ko kyan fuska. Na farko lasisi: me ya halatta, wa kuma ke da ikon sauya shi? Wannan ba tsoron banza ba ne. React ya daɗe da wani sharaɗi game da haƙƙin ƙirƙira wanda ya sa gidauniyar Apache ta hana amfani da shi a ayyukanta a 2017, WordPress ma ya sanar da cewa zai bar shi, sai Facebook ya mayar da shi lasisin MIT a watan Satumba na shekarar. Na biyu hannaye: cikin masu gyara harsashin, nawa ne ke karɓar albashi daga kamfani ɗaya? Tarihin gyare-gyaren a fili yake a intanet, rabin yini ya isa mutum ya duba. Na uku dogaron mai shi: shin kamfanin da kansa yana cin abinci da wannan harsashi, ko kuwa wani gwaji ne a gefe? Meta na amfani da React Native a manhajojinsa, Google na amfani da Flutter a wasu nasa, The Qt Company kuwa ba shi da wata babbar haja da ta wuce Qt. Babu ɗaya cikinsu da ke da tabbas na har abada, amma nauyin dogaron ya bambanta.

Bayan an zaɓa, akwai abin da ya rage a hannun magini. Nakan raba ainihin ƙa'idojin aikin, kamar yadda ake lissafin bashi ko yadda ake adana bayanan majiyyaci, daga ɓangaren da ke zana fuska. Nakan ajiye bayanai a tsarin da kowace manhaja ke iya karantawa, kamar SQLite, wanda masu shi suka sake shi ga kowa ba tare da haƙƙin mallaka ba. Nakan rage yawan ƙananan rumbunan da nake jawowa, domin kowane ɗaya wani mutum ne da nake fatan ba zai gaji ba. A takardar miƙa aiki kuma nakan rubuta wa mai manhaja, da Hausar da zai fahimta, sunan harsashin, da mai shi, da lasisinsa, da abin da ƙaura za ta ƙunsa idan ranar ta zo. Wasu kan ga wannan shafi kamar fatan tsiya ne a ranar biki. Ni kuwa ina ganin haƙƙinsu ne, domin su za su zauna a gidan bayan na tafi.

Ba ina cewa a guji harsashin wasu ba ne. Wanda ya ce sai ya haƙa nasa da hannunsa zai tsufa bai tayar da bango ba, kuma yawancin abin da muke iya ginawa da ɗan abin da ke hannunmu albarkacin aikin da wasu suka buɗe wa duniya ne. Abin da nake cewa shi ne a yi aro da ido a buɗe. A 1998 mutanen KDE 'yan sa-kai ne, da yawansu ɗalibai, ba su da kuɗin sayen Trolltech, ba su da ikon tilasta masa komai. Sun dai zauna tun ana ga-maciji, suka rubuta abin da zai faru ranar rabuwa, kuma Qt ya wuce ta hannun Nokia da Digia ba tare da an rufe musu ƙofa ba. Mafi yawanmu ba za mu taɓa samun damar ƙulla irin wannan yarjejeniya da Google ko Meta ba. Amma karanta lasisi, da duba su wa ke gyara, da raba aikinmu yadda za a iya ɗaga shi a mayar wani wuri, waɗannan ba sa buƙatar izinin kowa, kuma sun fi araha a ranar da aka fara gini.