Daga Mune zuwa Likkafanin Turin: Amanar Kayan Gado

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma tarihin ƙasashen tafkin Cadi ya nuna cewa akwai abin da gani ke korar darajarsa. Imam Ahmad Ibn Furtu, limamin Mai Idris Alauma, ya ba da labarin Mune, wani abu naɗaɗɗe da sarakunan Saifawa ke tafiya da shi wurin yaƙi, ba wanda ya san cikinsa. A ƙarni na 13 Mai Dunama Dabalemi ya buɗe shi, kuma malaman Barno suka danganta fitinun da suka biyo baya da wannan buɗewa. Kano ma tana da nata. Tarihin Kano ya ce Sarki Alwali ya sa aka fasa Dirki da gatura, aka tarar Alƙur'ani ne a cikin fatu. Ba a daɗe ba sarautar ta kuɓuce masa.

Labarun biyu suna tayar da tambayoyi uku. Shin a nuna abin tabarruki ko a ɓoye shi? Ta yaya za a tsare shi daga lalacewa? Wa zai shaida cewa na gaskiya ne? Majami'ar Katolika ta shafe ƙarnuka tana fama da su, domin tana adana ƙasusuwan waliyyanta da tufafinsu, har bisa al'adarta akan ajiye ɗan guntu ƙarƙashin teburin ibada ranar keɓe coci. Mabiyanta kaɗan ne a jihar Difa, suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001, amma abin da ta koya zai amfani Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Darasinta na farko daga kasuwa ya fito. A Turai ta dā, fatake sun cika garuruwa da ƙasusuwan jabu, kowane coci na neman abin da zai jawo masu ziyara da sadakarsu. Shi ya sa babban taron Lateran na 1215 ya hana sayar da irin waɗannan kaya, ya hana fitar da su daga akwatinsu don nuni, ya kuma ce kada a girmama sabon da aka gano sai da yardar Fafaroma. Duk da haka ramin ƙarya bai ƙure nan take ba, don a 1543 Jean Calvin ya rubuta littafi guda yana yi wa yawan jabun ba'a.

Misali mafi shahara shi ne likkafanin Turin a Italiya, ƙyalle mai tsawon sama da mita 4 wanda ke ɗauke da inuwar siffar mutum, wasu na gaskata cewa da shi aka naɗe Yesu Almasihu. Tun 1389 bishop na Troyes, Pierre d'Arcis, ya rubuta cewa aikin mai zane ne. Gobara ta taɓa shi a Chambéry a 1532. A 1988 aka yanki guntu aka raba wa ɗakunan bincike uku, a Oxford da Zurich da Arizona, gwajin kabon 14 ya sa shekarun saƙarsa tsakanin 1260 da 1390. Hukumar cocin Turin da kanta ta bayyana sakamakon. Wasu masana na jayayya da gwajin, Majami'ar kuwa ba ta yanke hukuncin cewa na ainihi ne ba, ba ta kuma jefar da shi ba. Ta shimfiɗa shi cikin akwati mai iska ta musamman, nesa da haske, tana nuna shi jefi-jefi, kamar a 1998 da 2000 da 2010 da 2015. A ƙarshen 2017 fadar Batikan ta ƙara fitar da ƙa'idoji: takardar shaida daga hukumar coci, hatimi a kan ma'aji, yardar magada kafin a taɓa gawa, da haramcin ciniki.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Komadugu da Turin. Ruwanta babba ne. A gidajen Mobar da Manga da Fulani da Hausawan wannan kwari akwai Alƙur'anai rubutun hannu cikin gafaka, da takubba, da tambura, da takardun mahram da sarakunan Barno suka ba zuri'ar malamai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar nan tana cikin haɗari. Tun harin Boso da Difa na Fabrairun 2015, da waɗanda suka watsa mutanen Yebi da Boso a 2016, iyalai da yawa sun bar gida da abin da hannu ya iya ɗauka. Abin da ya tsira daga wuta, gara da ruwan damina na jiransa a bukkar gudun hijira. Wanda ya tsira daga gara, yunwa na iya kai shi hannun dillali. Mafi muni kuma, tsohon da ya san wanda ya rubuta littafin da yadda ya iso gidan yana iya rasuwa bai faɗa wa kowa ba. Daga ranar, littafin ya zama maraya, mai shi ba ya da hujja, mai jabu kuma ya samu fili.

Maganin ba baƙo ba ne ga mutanen da suka san isnadi, wato wane ya karɓa daga wane. Takardar shaidar Katolika da salsalar malaman Barno buƙata ɗaya suke biya. Malamin makaranta na iya tura ɗalibansa su tambayi kakanninsu. Ƙungiyar al'adu na iya buɗe rajista: sunan abu, gidan da ke riƙe da shi, hannayen da ya bi, hoto idan an yarda, da shaidu biyu. Inda labari ya tsaya, a rubuta nan ya tsaya, kada a cike giɓi da daɗin baki. Kada a raba kaya da masu su da sunan adana, kada kuma a tilasta buɗe abin da iyali ke son ya zauna a rufe. Nuni na da lokacinsa, ranar salla ko naɗin sarauta, a inuwa, da hannu mai tsabta.

Kangon tubalin Gazargamu da na Garumele ya isa shaida cewa birni mai ganuwa ma yana iya zama kufai. Takarda da fata ba su kai tubali ƙwari ba, kuma dattawan da ke iya ba da shaida a kansu suna raguwa kowace shekara.