Daga Yankara zuwa Kano, Neman Sunan Ciwo

Ƙanwata tana da shekara 23 lokacin da ƙafarta ta hagu ta fara nauyi. Da fari cewa ta yi kamar tururuwa ke yawo a tafin ƙafar, abin ya hau har gwiwa, ya yi mako uku ya tafi da kansa. Bayan wata biyar idonta na dama ya dushe, yana mata zafi in ta juya shi. A Yankara kowa ya raɗa wa ciwon suna. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa, wata gwaggonmu ta ce son jiki ne, tunda ga ta tana ci tana sha. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi. Amma ranar da kofin shayi ya suɓuce daga hannunta ba ta ko ji ba, na sayar da buhun masara huɗu da tunkiya, na karɓi takardar da wani likita a Funtuwa ya rubuta mana, muka kama hanyar Kano.

Sai da rana ta ɗaga muka fito, don ɗan yankinmu ya san yanzu ba a sammako a hanyar Sheme, ba a kuma yin yamma. Funtuwa, Giwa, Shika, Zariya, babu abin faɗi sai shingayen jami'an tsaro da zafin Afrilu. A Kwanar Ɗangora ta dafa ni ta ce, "Yaya, da suka ce likitan ƙwaƙwalwa, Dawanau ke nan za a kai ni?" Ashe abin da ta yi wata da watanni tana haɗiyewa ke nan, tsoron a ce ta taɓu.

Mun sauka Unguwa Uku da la'asar, wani mai A Daidaita Sahu ya kai mu masauki. Allah ya kiyaye Musulmi da irin ɗakin nan. Taga ɗaya ce, an toshe ta da kwali, katifa na warin gumin mutanen da suka gabata, fanka a rataye ba wuta, bokitin ruwa ma sai an saya. Na kama mata ɗakin, ni na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ina tuna cewa a garinmu baƙo ko daga ina ya fito zaure yake samu da ƙwaryar fura, ba wanda zai tambaye shi sisi. Wajen ƙarfe biyu na dare ta kira ni, murya na rawa: idon ya ƙara rufewa, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Na jiƙa mayafinta da sauran ruwan bokiti ta lulluɓa. Kafin asuba gani ya fara dawowa.

Da safe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wannan labarin na daren jiya shi likitan jijiyoyi ya fi tsayawa a kai. Ya ce jijiyar da ta riga ta ji rauni ba ta son zafi, jiki na ɗumama alamun su taso, yana hucewa su lafa. Ya sa ta tafiya a miƙe tana ɗora diddige a gaban yatsu, ya buga mata 'yar guduma a gwiwa, ya ce ta sunkuyar da kai. Ta zabura ta ce wani abu kamar lantarki ya bi ta gadon bayanta. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Tunda ciwon ya fara, ranar ce aka fara rubuta maganarta maimakon a musa mata.

Ya tambaya ko muna kusa da masu haƙar zinare, saboda gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ita ma jijiya take ci. Ya ce za a duba jini, don ƙarancin sinadarin B12, da ƙanjamau, da tarin fukan ƙashin baya duk suna iya zuwa da irin wannan kama. Sannan ya ambaci abin da yake zargi, ciwon da suke kira MS. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarki da ɓera ya gaigaye robarta. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya fayyace shi a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna kusan mutum miliyan 2.8 ke da shi a duniya, galibi yana farawa tsakanin shekara 20 da 40, mata sun fi yawa. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi. Akwai kuma wani ɗan'uwansa mai kama ido da laka, wanda baƙar fata suka fi Turawa kamuwa da shi, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. "Malam," ya ce da ni, "ba zan ba shi suna yau ba. Sai na ga hoto."

A layin hoton MRI wata dattijuwa ta ji na ce "shina zuwa", ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, Bakatsine ne kai?" 'Yar Sabuwa ce, aure ya kawo ta Gyaɗi-Gyaɗi tun tana yarinya. Da ta ji inda muka kwana ta riƙe baki ta ce haram ɗiyarta ta koma can. Ta ba ƙanwata ɗakinta mai randa a kusurwa, ni ta sa ni shagon ɗanta. Kwana tara muka yi, tuwon masara miyar kuka da daddawa irin ta gida, ba furar Kano da ruwa ya fi nono yawa ba. Kullum da azahar sai ta yayyafa ruwa a daɓen ɗakin ta ce, "Kwanta nan ɗiyata, likita ya ce zafi ne ba ya so." Da na miƙa mata kuɗi ranar tafiya ta ɓata rai ta ce, "Ni ka mayar mai hotal?"

Hoton ya fito da wasu fararen ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwa, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Ƙanwata ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Yaya, ka ɗauka a waya ka nuna wa Gwaggo." An ɗebi ruwan bayanta, an yi mata ƙarin ruwa mai magani na kwana biyar, idon ya washe sosai. Likita ya ce mu dawo bayan wata shida a sake hoto, ta kuma sayi littafi ta riƙa rubuta ranar da kowace alama ta zo da ranar da ta tafi.

Dawowa ba wani labari, mun iso Yankara kafin la'asar. Littafin yana ƙarƙashin matashinta, aikin tsakar rana kuma an ɗauke mata. Jama'ar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, in matashi a gidanku ya ce gaɓarsa ta mutu ko idonsa ya dushe, ko da abin ya tafi da kansa, ku yarda da shi, ku yi masa addu'a, ku kai shi wurin likitan jijiyoyi tun yana tafiya da ƙafarsa.