Kuɗi Ɗaya, Garmaho Uku

Da kawuna ya rasu bara, aka raba abin da ya bari, ba wanda ya kalli wani kwali da ke ƙarƙashin gadonsa. Faya-fayan garmaho ne guda 43, akasarinsu ya sawo su Kano lokacin da yake direban babbar mota: na Shata, na Ɗan Maraya, da na kiɗan Kwango da Kuba. Inna ta ce mini, "Ɗauki abinka, kai ka son tsohon kaya." Ga faifai, ba abin juya shi. Na shekara ina tara kuɗi, daga bursi da ɗan aikin hutu, har suka kai jikka 150. Abin da na gano wajen neman inji shi nake so in ba duk wanda ya gaji irin wannan kwali.

Abu na farko: inji ana sake saye, faifai kuwa in ya lalace ya tafi ke nan. Sauti yana cikin wani siririn tsagi da ya kewaye faifan, allura na bi ta ciki tana rawa, rawar ce ke zama kiɗa. In allurar ta dakushe, ko hannun da ke riƙe da ita ya yi nauyi, tana cin tsagin kaɗan-kaɗan duk juyi. Don haka tambayata ga kowane inji ita ce: yaya zai riƙe mini amanar waɗannan faya-fayai?

Wannan tambaya ce ta fitar da garmahon akwati daga lissafi tun da wuri. Kun san shi, mai kama da jakar tafiya, da lasifika a jikinsa. Yana da kyau a hoto, ga araha. Amma hannunsa na danne faifai fiye da na sauran, ba a iya rage nauyin, kuma girgizar lasifikar tana komawa kan allura tunda akwati ɗaya suke. Saura uku, waɗanda in ka haɗa kowane da abin da yake bukata kafin ya yi magana, kuɗinsu na zuwa kusan ɗaya.

Na farko Audio-Technica AT-LP60X, na wani kamfanin Japan. Igiyar roba ke juya farantinsa. Maɓalli ɗaya za ka danna, hannun ya tashi da kansa, ya sauka a bakin faifai, in an gama ya koma mazauninsa. Ga wanda bai taɓa riƙe allura ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hannu mai rawa shi ke karce faifai. Yana da ƙaramin ampili a ciki. Sautin da allura ke fitarwa rarrauna ne ƙwarai, sai an ƙarfafa shi kafin lasifika ta iya ɗauka, to shi an gama masa wannan aiki. Allurarsa ana zare ta a sa sabuwa, kuma ba ta da wuyar samu. Aibinsa: jikinsa roba ne mara nauyi, nauyin hannun an ƙayyade shi giram 3,5, ba ka da ta cewa, kuma sai ka sayi lasifika daban.

Na biyu Sony PS-LX310BT. Kusan tagwaye ne da na farko: igiyar roba, hannu mai tafiya da kansa, ampili a ciki. Bambancinsa Bluetooth. Ya fi tsada, amma in kana da ɗan lasifikar da kake jonawa da salula, ba sai ka sayi wata ba, shi ya sa lissafin ke zuwa daidai. Wani abokina a jami'a shi ya fi so, hujjarsa kuwa ɗakinmu na ƴan makaranta ba wurin jan wayoyi. Gaskiyarsa. Ni dai na ga rabin kuɗin zai tafi ga abin da bai shafi faifai ba, sannan in ƙare da jin Shata ta lasifika mai girman sabulu.

Na uku tsoho ne, Pioneer PL-12D, ƙirar farkon shekarun 1970, wanda na gani a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a Yamai. Wallahi ko ɗaga shi ka yi ka san an yi aiki. Yana da dutsen awo a gindin hannu, kai za ka daidaita nauyin allura yadda ya kamata, kuma kan allurar gaba ɗaya ana iya canja shi da wanda ya fi. A wajen sauti ya fi sababbin biyu. Sai dai komai da hannu ake yi, ba shi da ampili, dole ka nemo wanda ke da kafar da aka rubuta wa PHONO, igiyarsa ma ta saki.

Dattijon ya gaya mini abin da ban ji wurin kowa ba. Ya ce, "Ɗana, kafin ka sayi na hannu, juya bayanshi ka karanta. In daga Turai ya hito, lahiya lau. In na Amurka ne, ka sayi wahala." Wutarmu volt 220 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka volt 120, bugu 60. Motar irin wannan tsohon inji da bugun wuta take tafiya. Ko ka sa masa taransifoma ka gyara volt, faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti zai koma wajen sau 28, mawaƙi ya zama kamar mai ciwon maƙogwaro.

AT-LP60X na ɗauka, da ƙananan lasifika biyu, da allura ɗaya ta ajiya, tunda irin wannan allura awa 300 zuwa 500 take yi a canja ta. Da ina da ampili da mai gyara kusa da gida a Maraɗi, da Pioneer zan ɗauka. Mai farawa kuwa ya fi bukatar injin da zai hana shi ɓarna. A lura: duk ukun gudu biyu gare su, 33 da 45. Mai tsofaffin faya-fayai masu kauri na 78 sai ya nemi wani inji da allura ta daban.

Ko wanne ka saya, ƙasarmu na da sharuɗɗanta. Zafin watan huɗu na lanƙwasa faifai, don haka a tsaye ake jera su, cikin inuwa, nesa da rufin kwano. Ƙurar hunturu kuma in ta shiga tsagi, allura ce za ta niƙa ta, sai a goge faifai kafin a ɗora, a rufe murfi bayan an gama.

Kada kuma a ɗauka garmaho na matattu ne kaɗai. Kiɗan da Mamman Sani ya naɗa a 1978 a kaset ya fito, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai. Haka ma Mdou Moctar da Les Filles de Illighadad, faya-fayansu na shagunan Turai, mu nan a salula muke jin su. In na sake tara kuɗi, faifan Mamman Sani zan sa a sawo mini.