Ni da Wandon Jins Ɗina: Daga Kasuwar Talata Zuwa Ƙasar Ingila

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, to ni dai a tawa tafiyar wani tsohon wando ne ya zame mini malami, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarinsa.

A Maradun aka haife ni, aka yi mini aure a gidan mutanen Bakura, muka zauna da maigida a Talata Mafara. Duk wadda ta san yankinmu ta san garuruwan nan uku ruwa ɗaya suke sha. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin shinkafa da albasa da tumatir da dankali, kuma ranar Talata amfanin gonar nan yakan hallara a kasuwar da garin Mafara ya samo sunansa daga gare ta. A nan na tashi cikin zane da riga da ɗankwali da hijabi, musamman da yake tun ina yarinya aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Ban taɓa tunanin ƙafata za ta shiga wandon jins ba.

A daminar 2021 Allah ya nufi maigida da tafiya ƙaro karatu a Ingila, aka ce da ni da yara za a tafi. Yayata ce ta ja ni layin 'yan gwanjo wata Talata, ta ciro wani shuɗin jins mai kauri da faɗin ƙafa, ta ce, "Ƙanwata, sanyin can ba irin hunturunmu ba ne, zane kaɗai ba zai riƙe ki ba." Na karɓa ina waige-waige kamar wadda ta yi sata.

Da muka je sallama Bakura, surukata ta buɗe jakata don ta saka mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sai ga wando. Gabana ya faɗi. Ta ɗaga shi ta ce, "Ɗiyata, mi za ki yi da wandon maza?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, saboda sanyi ne, kuma a ƙarƙashin doguwar riga zan sa." Ta daɗe tana murza shi da yatsa, da yake ita 'yar gidan marina ce, sannan ta ce, "Wanga ai launin baba ne, irin zannuwan iyayenmu. Ki sa, amma kada idon namiji ya san kin sa." Wannan ce kaɗai dokar da ta ba ni.

Mun sauka a birnin Biradfod da ke arewacin Ingila, tsohon garin masaƙun ulu, mai tuddai da gidajen dutse da masallatai da yawa, domin Musulmi 'yan asalin Pakistan sun daɗe da zama a cikinsa. Tun makon farko iska ta nuna mini gaskiyar Yaya. Daga nan wandon nan ya zama abokin fita: da shi nake raka yara makaranta da safe, da shi nake hawa bas zuwa shagon naman halal, da shi na koyi jan keken jarirai a kan tudu ana yayyafi. A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, har wani siririn wando nake sawa a cikinsa. A samansa kuwa kullum abaya ce mai faɗi da hijabi har gwiwa.

Wata maƙwabciyata 'yar Pakistan ta yi dariya da na ba ta labarin kunyar da na ji a kasuwa, ta ce su ai tun kaka da kakanni wando da doguwar riga ne tufafin mata. A nan na gane al'ada ce take bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma sharaɗin sutura ɗaya ne kamar yadda malamanmu suke karantarwa daga Suratun Nur da Suratul Ahzab: tufa ta rufe jiki, kada ta zama shara-shara, kada ta matse ta bayyana sura. Daga baya kuma na karanta cewa Inna ba ta yi kuskure ba. Auduga ce ake saƙawa bayan an rina zarenta da shuni, ko da yake yanzu yawanci na masana'anta ne, kuma a 1873 ne Levi Strauss da wani tela Jacob Davis suka yi rajistar irin wannan wando mai ƙusoshin ƙarfe a Amurka, don leburori masu aikin ƙarfi.

Amma ba sanyi ne ya fi ba ni wuya ba. A watan Satumba na 2021, muna sababbin zuwa, aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, an kuma dakatar da kasuwannin mako. Labari na ƙarshe da na ji shi ne na ɗaliban da aka sace a garin Kaya da ke ƙaramar hukumarmu ta Maradun. Makonni suka shuɗe ban ji muryar mahaifiyata ba. Akwai wani ɗan ƙaramin aljihu a gaban wandon, a nan na ajiye tsohon layina na gida. Ina tsaye a tashar bas sai in shafa shi in yi musu addu'a, in tuna ranar da na saye shi kasuwa cike maƙil, masu rake da masu albasa suna ta kiran ciniki. Ranar da waya ta shiga na ji Mama ta ce "Lafiya lau muke," a ƙasa na zauna ina kuka, ina godiya ga Allah.

Bayan na haihu na ƙara jiki, sai wandon ya fara kama ni har ana iya gane shi ta cikin abaya. Raina bai so ba, amma na tuna dokar Inna, na wanke shi na ninke na sa a ƙasan akwati, na nemi wani mai faɗi.

Uwargida, idan Allah ya ƙaddara miki zama a ƙasar sanyi, kada kunya ta sa ki cutar da lafiyarki, kada kuma ganin idon mutanen can ya sa ki yar da hijabinki. Ki zaɓi mai kauri da yalwa, ki rufe shi da abin da kika saba fita da shi a gida, 'ya'yanki mata kuma ki fara koya musu haka tun suna ƙanana.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya dawo da zaman lafiya a Mafara da Bakura da Maradun da sauran ƙasarmu baki ɗaya, amin.